Goggon Ƙofar Baya

Duk wanda ya ce mini motar gidanmu ci gaba take yi, ya zo ya same ni a shagon ɗinkina mu yi ta a gaban mutane. Na shiga ta farko ina ƙaramar yarinya, na ga ta biyu, na ga ta uku, na kuma ga wannan ta huɗun da yayana yake goge wa jiki da hankici. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su duka, suna ɗaya gare su, babbar jif ce irin ta iyali. Kowace sabuwa ta fi ta baya tsawo da faɗi da ƙyalli, har sai da aka sare ginshiƙin ƙofar gidanmu don ta samu ta shige. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, duk lokacin da motar ta ƙara ƙiba a waje, sai cikinta ya rage mutum. Wadda ake matsewa kuwa kullum mutum ɗaya ce, Goggo.

Goggo ƙanwar Babanmu ce. Ta dawo gidanmu da sauran ƙuruciyarta bayan mijinta ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Cewa ta yi za ta ɗan huta kwana biyu ta ga abin da hali zai yi. Sai ta tarar da gida cike da yara, Mama kuma tana koyarwa a makaranta, in ta fita da safe sai yamma lis. Wani yana kuka, wani ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya, ni kuma kaina ya yi wata biyu bai ga kitso ba. Goggo ta ajiye jakarta ta ɗaura zani, hutun ke nan har yau. Manema sun zo, ba ɗaya ba ba biyu ba, ta ce su dawo idan yaran nan sun yi wayo. Yaran suka yi wayo, suka haifo wasu.

Gajeriya ce, mai ƙarfin hannu, in ta riƙe ka a dantse sai ka ji har cikin ƙashi. Ba ta da yawan magana, amma in ta kira sunanka daga bayan gida, maƙwabta ma sai sun amsa. Ban taɓa ganin ta ci abinci a zaune har ta gama ba.

Ba ta daɗe da zuwa ba Baba ya sayo mota ta farko. Fara ce, mai kusurwa huɗu kamar akwatin ƙarfe. Babu esi mai sanyaya ciki, rediyon sai an mare shi yake magana, gilashi da hannu ake murɗa shi, sitiyarin kuwa in ba ka ci ka ƙoshi ba kada ka taɓa. A gaba dogon benci ne na mutum uku, a tsakiya wani bencin, can baya kuma benci biyu ne a jikin bango suna kallon juna. Ƙofar baya gefe take buɗewa kamar ƙofar ɗaki, da safayar taya a manne a jikinta, nauyi gare ta ba na wasa ba. Mutum nawa motar take ɗauka? Babu wanda ya sani, don ba a taɓa cewa ta cika ba. Mu ne, 'ya'yan maƙwabta ne, wata tsohuwa ce da za a sauke a asibiti, kowa a ce masa matsa, ya matsa.

Kowace Asabar lambun Baba muke zuwa a bayan gari, kuma a nan Goggo ta kafa tsarinta da ya zame wa gidanmu doka. Ita ce ƙarshen shiga. Sai kowa ya zauna, sannan ta koma ciki ta duba murhu, ta murɗe famfo, ta ja tagogi, ta kulle ƙofa ta girgiza kwaɗon. Ta dawo ta loda kaya a ƙarƙashin benci, ta bi kanmu ɗaya bayan ɗaya tana dafawa tana ƙirgawa, sannan ta kama ƙarfe ta haye ta ƙofar baya, ta fizgo ta da hannu biyu. Gam! Sai Baba ya sa giya.

Baba bai taɓa waiwayowa ya duba ba. Wata rana Mama ta ce masa, "Malam, wai kai ba ka ko leƙa madubi ka ga ko yaran nan sun cika?"

Ya ce, "Na leƙa in ga me? In ƙofar Goggo ta yi ƙara, gida ya shiga mota."

Da gaskiyarsa kuwa. Akwai Asabar ɗin da muka zauna muka yi ta gumi, Baba yana danna hon, Goggo ta ƙi rufe ƙofa, ta ce kai ɗaya bai cika ba. Mama ta ƙirga ta ce mun cika. Goggo ta ce wancan ɗan maƙwabta ne, ba namu ba. Ta koma ta buɗe gidan da ta kulle, ta zaro autanmu daga ƙarƙashin gado yana sharar barci da biskit a hannu. Tun daga ranar ko Mama ba ta ƙara ƙirga mu ba.

Bayan motar nan shi ne ɗakin Goggo na biyu. Gwiwa da gwiwa muke zama, tana tsakiyarmu tana ɓare lemo, tana raba faɗa, tana riƙe da leda don mai amai. Ita ta san wanda ya fara mintsinin wani, ko da idonta a rufe yake. Gaba kuwa, a tsakanin Baba da Mama, wurin babban yayanmu ne, wanda yanzu kowa ke kira Manaja. A nan ya koyi tuƙi da ido, ya kuma kwashe ɗabi'ar Baba kaf: hannu a kan giya, ido a kan hanya, kunne yana jiran gam.

Mota ta biyu ta zo gab da Baba zai ajiye aiki. Ta zo da esi, muka yi ta murna muna kara fuska a iskar kamar ƙauyawa. Sai da murnar ta lafa muka lura. An cire dogon bencin gaba, an sa kujeru biyu da wani akwati a tsakaninsu wanda ba ya ɗaukar komai sai tabarau da tarkacen takardu. Mutum guda aka kora saboda tabarau! Bencinan baya kuma sun zama 'yan kujeru masu naɗewa, tagogin wurin ba sa buɗuwa. 'Ya'yan maƙwabta suka koma tsayawa a bakin hanya suna ɗaga mana hannu. Goggo ta shafa kujerar ta ce, "Laushi dai akwai laushi, amma motar nan marowaciya ce." Ƙofar baya dai tana nan yadda take, don haka Goggo ta ci gaba da shiga a ƙarshe.

A zamanin wannan motar Baba ya rasu, bayan 'yan shekaru Mama ta bi shi. Mu kuma aure da aiki suka watsa mu. Ni ban yi nisa ba, a layin nan nake, shagona yana bakin kwana. Gida ya koma hannun Yaya Manaja da matarsa, wadda muke kira Anti, ma'aikaciyar asibiti ce, yau aikin safe gobe na dare. Ɗansu na fari bakwaini aka haife shi, ɗan mitsitsi, kowa yana tsoron ɗaukarsa. Goggo ta karɓe shi ta sa a ƙirji, da cokali ta riƙa ɗura masa madara, ta hana kanta barci har ya yi ƙwari. Babu wanda ya raɗa masa Ɗan Goggo, sunan da kansa ya zauna, har malamansa na makaranta haka suke kiransa. Da ya fara tafiya, in an ce ya zo gaba ya zauna a cinyar uwarsa, sai ya fashe da kuka ya zagaya ƙofar baya ya tsaya yana jiran a ɗaga shi. Bayansa aka haifi mace, sannan 'yan biyu, duk ta hannun Goggo suka bi, amma shi daban ne, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Mota ta uku Yaya ne ya saya da guminsa, kuma ranar da ya kawo ta bakinsa ya ƙi rufuwa. Kujerun fata, gilashi mai hawa da sauka da kansa, ga wani tsinannen ƙara da take yi in mutum bai ɗaura bel ba, ɗin-ɗin-ɗin, har sai ka ji kamar ka fita ka bar mata motar. Ta fi ta baya tudu, sai an ɗaga ƙafa sosai. Ƙofar baya ta daina buɗewa gefe, sama take ɗagawa. Kujerun ƙarshe biyu ne kacal, gaba suke kallo, ana iya naɗe kowace a jingine ta a bango.

Duk wanda ya zana motar nan bai taɓa tunanin mutum zai shiga ta baya ba, amma bai san Goggo ba. Ta naɗe kujera ɗaya don ta samu hanya, ta bar ɗayar don zama. Ta samo 'yar kujerar tsugunno ta kicin tana takawa ta hau, sannan ta jawo ta ciki. Da ta ga hannunta ba ya kaiwa ga ƙofar idan ta ɗaga sama, sai ta ɗaura mata igiyar shanya.

Yaya ya ga igiyar tana reto ya dafe kai. "Haba Goggo! Motar nan fa ba akuya ba ce."

Ta ce, "Da akuya ce ai da ta durƙusa na hau. Je ka kama sitiyarinka, Manaja."

Ta ja igiya, ƙofa ta sauko, gam, ya sa giya. Ɗan Goggo kuma a kan kular ruwa yake zama kusa da ita, har sai da ya yi tsawon da kansa ke bugun rufi.

A wannan motar na rasa wurina. In za a je wani wuri sai a ce, "Ke Tela, ki biyo mu a tasi." Ban damu ba, ina da ƙafa ina da sana'a. Abin da ya dame ni gwiwoyin Goggo ne. Tsufa ya zo, hawan nan sai ta yi shi da nishi, wani lokaci ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan kujerar tsugunno tana tattara ƙarfi. Na yi wa Yaya magana, kuma don Allah zan faɗi gaskiya, ya ce mata ta dawo tsakiya. Ita ce ta ƙi. Ta ce, "In na shige tsakiya na harɗe, wa zai duba murhu? Wa zai rufe gida?"

To a nan ne jinina yake tafasa. Amsar tambayar nan ba ta da wuya. Gida cike da mutane masu hannu bibbiyu da takardun makaranta, a ce babu wanda zai buɗe baki ya ce, "Goggo shiga ki zauna, yau ni zan rufe." Shekara da shekaru ba a samu ko mutum ɗaya ba. Sai a yi dariya a ce ai Goggo ba ta yarda da rufewar kowa ba, kowa ya shige ya gyara zama yana latsa waya. Sun mayar da ita kamar wani sashe na motar, abin da ke yin ƙara a baya idan komai ya kammala.

Ana nan Ɗan Goggo ya gama sakandare, ya samu gurbin karatun likita a wata ƙasa mai nisa, karatu mai tsawo, kuma ba irin wanda ake dawowa hutu kowace shekara ba. Gida ya ɗauki murna. Goggo ma ta yi murna, amma ta rame a tsaye. Wata rana da hantsi ta shigo shagona da wani yadi a leda, shuɗi mai ƙananan furanni, wanda na san ya fi shekara goma a ƙasan akwatinta.

Ta ce, "Tela, ɗinka mini wannan. Ki yi shi da kyau, ba irin na zaman gida ba."

Na ce, "Goggo, ina za a je haka? Ko wani tsohon ne ya dawo, ya ji yara sun yi wayo?"

Ta harare ni. "Ja'ira. Filin jirgi za ni, zan raka yarona."

Ina gwada ta, na ji kafaɗunta duk ƙashi. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Dawowarsa ban sani ba ko zan gani. Tafiyarsa dai zan gani da idona. In ga ya shiga ƙofar nan da ƙafarsa, ya juyo ya ɗaga mini hannu, shi ke nan na gama nawa."

Tun da nake da ita ban taɓa jin ta roƙi wani abu don kanta ba sai wannan. Na ajiye ɗinkin mutane na yi nata, har da ɗan aiki na zare a wuya.

A makon tafiyar ne mota ta huɗu ta iso. Yaya da gangan ya haɗa, yana so ɗansa ya tafi filin jirgi a sabuwar mota. Baƙa ce wuluk, gabanta kamar ƙofar kurkuku, gilasanta baƙaƙe, ba ka ganin na ciki. Ba ta da makulli, maɓalli ake dannawa. In ta tashi ba ka jin injin, sai dai ka ga dutse yana tafiya. Ni daga waje kawai na gan ta, don babu wanda ya ce in leƙa, ni kuma ba na cusa kai. Goggo ce ta ba ni labarin yadda Yaya ya zagaya da ita ya nuna mata wani ɗan maɓalli a gefen ƙofar baya.

Ya ce mata, "Kin huta da igiya, Goggo. Kina gama loda kaya ki danna nan, ki ja da baya, da kanta za ta sauko."

Ta leƙa ta ga bayan kujerun ƙarshe ya tokare daga bango zuwa bango, babu ko kafar da kyanwa za ta bi. Ta ce, "To ni ta ina zan shiga?"

Ya ce, "Ta gefe ake shiga yanzu, kujera ce ke matsawa da kanta." Sai wayarsa ta yi ƙara, ya juya yana amsawa, maganar ta tsaya a nan.

Ranar tafiya da safe ina shago. Na riga na yi sallama da yaron tun jiya, na yi kukana na gama. Ina kan keke na ga baƙar motar ta zo wucewa shiru, na miƙe na ɗaga hannu, ban ga kowa ba sai fuskata a gilashi. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Har zan zauna, sai idona ya kai can ƙarshen layi. Wata mace ce tsaye a ƙofar gidanmu cikin shuɗin yadi mai furanni, jaka a hammata, hannu ɗaya a sama.

Ban san lokacin da na yar da almakashi ba. Da gudu na isa, takalmina ɗaya a hanya.

"Goggo! Me kike yi a nan?"

Ta ce, "Yanzu za su juyo. Bari dai ki gani, suna kaiwa kwana za su juyo."

Ba su juyo ba. A tsaye a wurin ta gaya mini yadda aka yi, muryarta ƙasa-ƙasa kamar ita ce ta yi laifi. Kowa ya shiga ya zauna kamar kullum. Ta koma ta duba murhu, ta ja tagogi, ta kulle gida. Ta gyara akwatunan yaron a but, wurin kaya na baya, ta cusa masa rigar sanyi a aljihun jaka. Ta danna maɓallin da aka nuna mata, ta ja da baya kamar yadda aka ce. Ƙofa ta sauko a hankali, ta rufe, gam. Ta ɗaga ƙafa za ta zagaya ƙofar gefe ke nan, sai ta ga mota tana tafiya. Babu ƙarar inji da za ta gargaɗe ta. Ta kira Manaja, ta kira yaron, da muryar nan tata da ke tada maƙwabta, amma an ƙera motar ne don kada na ciki ya ji komai na waje, kuma har da wannan aka yi wa Yaya talla.

Na kira wayar Yaya, yana kan wani kiran. Na kira wayar Anti, tana ta shiga ba a ɗauka, ta saba kashe mata murya saboda asibiti. Ta Ɗan Goggo kuwa abokai sun rufe ta da sallama. Na tare tasi, wata tsohuwar ƙaramar mota mai hayaƙi, na tura Goggo ciki na ce wa direban filin jirgi, ya taka iya ƙarfinsa. Ya taka, bawan Allah, amma filin jirgin yana can wajen gari, ga cunkoso a gada, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya. Goggo ta ƙanƙame jakarta ta kafa wa gilashin gaba ido. Ni kuwa zagi nake yi a zuci, wani yana kuɓucewa ya fito fili.

Muna cikin cunkoson wayata ta yi ƙara. Yaya ne.

"Tela, wai Goggo tana wurinki?"

Sai a lokacin suka sani. Sai da suka isa, suka sauka, yaron ya zagaya baya don ya riƙo hannunta.

Na ce, "Tana wurina mana, tunda ka zubar da ita a bakin ƙofa! Yaya, ka ji tsoron Allah. Ku riƙe yaron nan, ga mu nan tafe."

Ya ce ana ta kiran masu jirginsu, an kusa rufe wurin awon kaya, ba za a jira kowa ba. Sai na ji an fizge wayar, muryar Ɗan Goggo ta fito yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa shi ba zai shiga ba sai ta zo, jirgin ya tafi abinsa. Na kara mata wayar a kunne. Ga hon, ga ƙarar inji, rabin maganarsa ba ta ji ba.

Ta daidaita murya ta ce, "Kai, share hawayenka, ƙato da kai. Shiga abinka. Kada ka kuskura ka bari a tafi a bar ka, ka ji ko? Rigar sanyinka tana aljihun gefe. Allah ya yi maka albarka."

Ta miƙo mini wayar. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi mana mu biyu.

Da muka isa, ya daɗe da shigewa. Ƙofar gilashi ce kawai mutane suna shiga suna fita. Goggo ta tsaya a gabanta cikin sabon ɗinkinta ta daɗe tana kallo, har wani mai gadi ya ce mu matsa gefe muna tare hanya. Na kamo hannunta muka nufi wurin ajiye motoci, na ce wa mai tasi ya ɗan jira.

Suna tsaye jikin motar sun yi tsuru-tsuru. Kowa da hujjarsa a baki. Anti ta ce wallahi ta ɗauka tana baya, kujerun ne dogaye ba a hango na ƙarshe. 'Yarsu budurwa, ƙanwar Ɗan Goggo, ta ce ita ma haka. 'Yan biyu, waɗanda su ne a kujerun ƙarshen, suka ce sun zaci da ni za ta taho a tasi, kuma kowannensu da abin jin sauti toshe a kunne yana kallon allon da ke gabansa, babu wanda ya tambaye su. Yaya kuwa abu ɗaya yake ta maimaitawa.

"Na ji ƙarar ƙofa. Wallahi na ji ƙarar ƙofa."

Na ce, "Ka ji ƙarar ƙofa! Mota mai ido ta gaba da ta baya, mai nuna maka kyanwa in ta gitta, ba ta nuna maka matar da ta yi maka wanka ba? Wuyanka ciwo yake da ba za ka waiwaya ba?"

Ban taɓa yi masa magana haka ba, yayana ne, ya girme ni nesa. Ya matsa kusa da Goggo ya rusuna, idonsa ya yi ja.

"Goggo, ki yafe mini. Kuskure ne, mantuwa ce. Don Allah shiga mu koma gida."

Ya buɗe mata ƙofar gefe da kansa. Wata 'yar matakala ta zuro daga ƙarƙashi, sanyi da ƙamshin sabuwar fata suka bugo mu. A lokacin na fara ganin cikinta, ita ma haka. Kujeru biyu a gaba. A tsakiya, inda da benci yake, wasu manyan kujeru biyu ne kamar na shagon aski, kowace da wurin ɗora hannu da na miƙe ƙafa, a tsakaninsu ɗan firji. Can baya kujeru biyu. Iyakarta ke nan, duk girman nan nata. Goggo ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Manaja."

"Na'am, Goggo."

"Da a ce ka waiwayo ka gan ni, ka tsaya. A ina zan zauna?"

Ya buɗe baki, ya dubi cikin motar, ya dubi matarsa, ya dubi yaran. Shi da Anti a gaba, Ɗan Goggo da ƙanwarsa a tsakiya, 'yan biyu a baya. Kujera shida, su shida. Ya je wurin dillali, ya zaɓi launi, ya zaɓi fata, ya zaɓi mai firji a kan mai benci, ya yi makonni yana jiran isowarta, kuma a duk tsawon lokacin nan bai sa Goggo a lissafi ba. Ba da safiyar nan aka manta da ita ba.

Sai ɗaya daga cikin 'yan biyun, da zuciya ɗaya, don ya gyara magana, ya nuna kujerar tsakiya ta dama, wadda har yanzu da shatin zaman yayansa a jiki.

"Ai yanzu akwai wuri, Goggo. Ga na Yaya nan."

Ta dubi kujerar. Ta miƙa hannu ta shafa wurin da Ɗan Goggo ya jingina kansa, sau ɗaya, ta janye.

Ta ce, "Na gani, ɗan nan. Sai da ya tafi na samu."

Ta gyara jakarta a hammata ta juya musu baya. "Tela, yi wa mai tasin nan magana, kada ya gaji ya tafi."